Mutum Ɗaya Na Magana, Goma Sha Huɗu Na Tsaye

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata al'ada da ta kafu a ɗakunan karatunmu wadda ya kamata mu zauna mu yi mata kallon tsanaki, tun kafin ta gama cinye mana shekarun da muka zo neman ilmi a cikinsu. Ina nufin hanyar nan ta koyar da Turanci da ake raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni wani batu daga fannin da yake karantawa, ko aikin gona ne, ko tarihi, ko kimiyyar sinadarai, a ce su je su yi bincike, su dawo su tsaya gaban aji su yi bayani da Turanci. Ita kanta hanyar ba ta da aibi, ina ma cikin masu ganin babu wadda ta fi ta dacewa da halin da muke ciki. Amma yadda ake gudanar da ita a yawancin azuzuwanmu yaudara ce tsagwaronta, kuma wanda aka fi cuta da ita shi ne wanda ya fi kowa bukatarta, wato ɗan talakan da ya fito daga makarantar gwamnati.

Bari in fara da masu cewa a soke ta ɗungurungum, a koma ga allo da alli da haddar ƙa'idojin nahawu, don a cewarsu tsayuwar ɗalibai gaban aji ɓata lokaci ne. Ina tambayarsu, shekara nawa muka yi ana ɗura mana nahawu? Duk wanda ya yi firamare shekara 6 da sakandare shekara 6, shekara 12 ke nan ya yi yana zama a darasin Turanci. Ya san sunan kowane lokaci na aikatau, ya haddace jam'in kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, ya ci jarrabawa har da kiredit, don in babu shi ba zai taka ƙofar jami'a ba. To, a tsayar da shi a ce ya yi bayanin minti 3 a kan yadda ake shuka gero a garinsu, sai ka ga gumi ya karyo masa, harshe ya naɗe. Laifinsa ne? Ko kusa. Ba a taɓa nemansa da magana ba. Hatta takardar nan ta uku ta jarrabawar Turanci ta WAEC, wadda aka sa wa suna gwajin furuci, a Nijeriya tambayoyi 60 ne na zaɓen amsa, ana cike su da fensir, ɗaki tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. An gwada furucin yaro ba tare da ya buɗe baki ba! Wanda aka koya wa iyo a kan tabarma, ranar da ya faɗa kogi ai sai dai a je yi wa iyayensa gaisuwa.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A 1965, a garin St. Lambert da ke kusa da Montreal a ƙasar Kanada, aka fara koyar da 'ya'yan masu jin Turanci darussan makaranta da Faransanci, don harshen ya shiga tare da lissafi da sauran fannoni. Yaran suka tashi suna fahimtar Faransanci ƙwarai da gaske, kusan kamar 'yan gida. Amma da masu bincike suka duba maganarsu da rubutunsu, sai suka tarar da kurakuran nahawu waɗanda shekaru ba su kawar ba. A 1985 wata malama mai suna Merrill Swain ta kawo dalili, ta ce yaran suna sauraro da yawa, suna magana kaɗan. Mai sauraro yana iya cafke ma'ana daga kalma biyu ko uku ya bar sauran su wuce, amma mai magana tilas ne ya ajiye kowace kalma a mazauninta, kuma a nan ne yake gane iyakar abin da ya sani. Wannan shi ne halinmu sak. Mun cika kunne da lacca, baki kuwa yana nan yadda ya baro gida.

Haka nan haɗa koyon harshe da wani fanni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, don haka kada wani ya ce mana dabarar Turawa ce da ba ta karɓe mu ba. Ɗalibin zaure ba da littafin nahawu yake fara Larabci ba. Yana farawa da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai ga Risala, malam na karanta jimla yana fassarawa, shi kuma yana maimaitawa da bakinsa a gaban 'yan'uwansa. Tsarki da salla ya zo koyo, amma Larabci na shiga tare da su, har lokacin da zai ɗauki Ajuruma ya riga ya tara kalmomi da jimlolin da zai ɗora ƙa'idojin a kansu. Su Turawan Ingila sai a 1975 rahoton kwamitin Bullock ya shawarci kowace makarantar sakandare ta yi tsarin kula da harshe a dukkan darussa, ma'ana malamin kimiyya da na tarihi su ma suna da haƙƙi a kan harshen ɗalibi. Harshe ba ya zama sai da abin faɗi. Ka ba mutum batun da ya sani kuma ya damu da shi, zai nemo kalmomin ko suna ƙarƙashin ƙasa.

To, in hanyar tana da kyau haka, me ya kawo ƙorafi? Ku da kuka sha tsayuwar nan kun san amsa. Ana raba aji bisa jerin lambobin rajista, mutum 15 ko 20 a rukuni guda. A buɗe zauren WhatsApp, a yi kwana biyu ana gaisuwa, sai maganar karo-karo ta taso, kowa ya kawo kuɗin bugawa da ɗinke takarda. Wanda ya biya, sunansa ya shiga shafin farko. Wanda bai biya ba, ko da shi ya fi kowa sanin batun, sai an yi masa alfarma. Daga nan mutum ɗaya ya kwana a kan waya, ya kwaso abin da ya samu a intanet, ko kuma ya ce wa ChatGPT ta rubuta masa, a zuba a PowerPoint. Ranar bayani sai a jeru gaban aji kamar masu jiran ɗaukar hoto, wanda ya fi kowa zaƙin baki ya karɓi lasifika ya karanta abin da ke kan allon majigi kalma bayan kalma, ya juya wa aji baya. Sauran aikinsu ɗaya, su faɗi suna da lambar rajista, su ja baya su harɗe hannuwa. A tafa, malam ya ba da maki ɗaya ga kowa da kowa, a tashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don Allah a gaya mini, wane ne ya koyi Turanci a nan?

Wannan cuta ma an daɗe da saninta. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 sakamakon gwajin da ya yi na sa mutane jan igiya, inda ya ga cewa duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane ɗaya yake bayarwa sai ya ragu, don ba wanda zai iya nuna wane ne ya saki jiki. Manomanmu ba su jira shi ba. Ku dubi gayya. Ana taruwa a gonar mutum ɗaya, amma kowa da kunyar da zai bi daga wannan kai zuwa wancan, makaɗi kuma na tsaye da ganga yana yi wa wanda ya yi gaba kirari, yana yi wa wanda ya yi baya zambo. Aikin na taro ne, amma ƙwazon kowa a fili yake. Abin da muke yi a aji an ɗauko taron gayya ne aka bar kunya a gona.

Yanzu mu duba wanda yake karɓar lasifikar. Kusan kullum shi ne wanda iyayensa suka iya biya masa makarantar kuɗi, wanda ya tashi ana yi masa Turanci tun daga rainon yara, ana yi a gida ana yi a talabijin. Shi kuwa ba ya bukatar wannan darasi. Wanda ya taso daga ƙauye, daga ajin da yara suka yi wa malami yawa, wanda zuwansa jami'a shi ne karonsa na farko da zai zauna da mutanen da ba sa jin harshensa, shi ake turawa bayan layi wai kada ya ja wa rukuni asarar maki. 'Yan'uwanmu mata kuwa, sau nawa aka ce da su su dai riƙe kuɗin karo-karo, ko su gyara rubutu, magana ta maza ce? Ta haka mai shi yake ƙaruwa, maras shi ya fita yadda ya shigo, sai dai an lulluɓe shi da maki mai kyau wanda ba zai yi masa rana ba. Darasin da aka shirya don ya cike ramin da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, shi ne ya koma yana ƙara masa zurfi.

Malamanmu, tare da girmamawa, ku ma akwai naku kason. Sunan abin haɗa fannoni, amma yaushe malamin Turanci da malamin fanni suka zauna a aji ɗaya suka saurare mu tare? Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta tanadi darasin sadarwa da Turanci, GST 111, a shekarar farko. Daga nan malamin fanni sai ya wanke hannunsa, ya ce gyaran harshe ba aikinsa ba ne, an riga an yi shi a aji ɗaya. Malamin Turanci kuma, in rukuni ya kawo batun sinadarai, ba shi da hanyar gane ko abin da ake faɗi gaskiya ne ko shaci-faɗi. Wannan ya saki, wancan ya saki, ɗalibi ya faɗi a tsakiya. Akwai ma waɗanda suka mai da aikin rukuni hanyar hutu, su raba manhajar zango ga ɗalibai, su zauna a bayan aji suna duba waya, mu koyar da junanmu abin da ba mu sani ba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Sai kuma dariya, wadda ita laifin ɗalibai ce zalla. Bahaushe ya tashi ya haɗa harafin p da f, ko b da v, sai aji ya fashe da shewa, a laƙaba masa suna har ya gama jami'a. Masu dariyar nan sun san kuwa cewa Hausa ba ta bambanta p da f ba ne, kamar yadda Bature zai shekara yana fama bai raba ƙ da k ba, ko ɗ da d? Kowane mai koyo yana jan kayan harshensa na farko zuwa na biyu, kuma maganin abin yawan furtawa. Abubakar Tafawa Balewa, wanda duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ba a Landan aka haife shi ba. Ɗan ƙasar Bauchi ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta yi suna wajen horar da ɗalibanta a kan magana da Turanci. Da koyo akan iya. Amma wanda aka yi wa ihu ranar da ya fara buɗe baki, wa zai sake ganin haƙoransa?

Akwai kuma wata magana da ake jin nauyin faɗi, wato matsayin harsunanmu a cikin wannan aiki. Da yawa daga cikinmu mun fito daga makarantun da ake cin tarar yaro ko a zane shi don ya yi Hausa, har muka ɗauka cewa duk wanda ya yi tunani da harshen uwarsa ya ci amanar Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya ƙaryata wannan. An koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara 6, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Gwamnatin tarayya kuwa ta yi ta kai-kawo. A watan Nuwamba na 2022 ta amince a koyar da harshen uwa a shekara 6 na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa, a koma Turanci. Ko wace ce ta tsaya a cikinsu, sanarwa daga Abuja ba ta sa harshe a bakin yaro. Abin da nake cewa shi ne a bar rukuni ya yi gardamarsa da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Nufanci, ko duk harshen da suka tarar sun haɗu a kai, har sai kowa ya gane batun ciki da waje, sannan su zauna su juya shi zuwa Turanci. Wanda ya fahimci abu zai iya neman kalmar faɗinsa. Wanda ya haddace jimlar da bai gane ba, tambaya ɗaya ta ishe shi faɗuwa.

Na san za a ce mun yi yawa, ba lokacin da zai ishi kowa ya yi magana. To, mu yi lissafi. A ɗauka aji ne mai ɗalibai 300. A raba su biyar-biyar, rukuni 60 ke nan. A ba kowane rukuni minti 15, kowane mutum minti 2, sauran minti 5 na tambayoyi, jimla sa'a 15. A shimfiɗa ta a mako 12, rukuni 5 a mako, sa'a ɗaya da kwata. In aka raba ajin gida uku, aka sa ɗaliban babban digiri su taimaka wajen sauraro, abin ya ƙara sauƙi. Jami'ar da ke samun lokacin bikin karɓar sababbin ɗalibai da makon sashe da liyafar bankwana, ba za ta ce ta rasa sa'a ɗaya da kwata ba. Lokaci akwai shi, niyya ce ba a yi ba.

Saboda haka ga abin da nake kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauka ta kai gaban shugabannin tsangayoyi a rubuce. Na farko, kada rukuni ya wuce mutum 5, kuma a haɗa mai ƙarfi da mai rauni da gangan. Na biyu, a yanka batun gida biyar, kowa ya riƙe yankinsa ya koya wa sauran, kamar yadda Elliot Aronson ya tsara a makarantun Austin ta jihar Texas a Amurka a 1971, inda babu yaron da zai iya gama aikinsa sai ya saurari ɗan'uwansa. Ranar bayani kuma malam ya jefa ƙuri'a a kan wanda zai amsa kowace tambaya, don kada wani ya ɓuya. Na uku, a raba maki, kashi mafi tsoka na mutum ne shi kaɗai, ƙarami na rukuni, kuma a auna inda ɗalibi ya faro da inda ya kai, kada a tsaya ga daɗin lafazi. Na huɗu, malamin fanni da na Turanci su zauna tare, wannan ya duba gaskiyar bayani, wancan ya duba harshe, su rubuta wa kowa gyara biyu ko uku da zai tafi da su. Na biyar, a hana karɓar ko sisi da sunan aikin rukuni, a hana karanta allon majigi, a yarda da 'yar takardar tuni kawai. Na shida, abin ya ci gaba har shekarar ƙarshe, kada ya mutu a aji ɗaya.

Na bakwai, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, a ba mu batutuwan da ke ƙofar gidanmu, waɗanda sai an taka ƙafa an tambayi mutane. Ɗaliban sinadarai su je marinar Ƙofar Mata a Kano, su tambayi marina yadda suke haɗa baba da toka, su dawo su bayyana da Turanci dalilin da ya sa zane ke fitowa daga karofi da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ɗaliban aikin gona da na tattalin arziki su haɗu a kan yadda manoman Aliero ke adana albasa, da abin da ke faruwa da farashinta tsakanin kaka da bazara. Ɗaliban labarin ƙasa su ɗauki ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Ɗaliban likitanci da na shari'a su zauna a kan gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, su faɗi yadda dalma ke shiga jini, su faɗi kuma wanda doka ta ɗora wa alhaki. A irin waɗannan batutuwa ɗan ƙauyen da ake turawa bayan layi shi ne zai zama malamin rukuni, don shi ya san hanya, shi zai iya zama da dattijo ya ji bayani, kuma na'ura ba za ta yi masa wannan tafiya ba.

Ku yayyenmu da ke ofisoshi, ku ne shaidunmu. Kun san ranar ganawar ɗaukar aiki ba a shiga da rukuni. Kun san ranar da babban sakatare zai juyo ya ce a yi masa bayanin fayil, babu wani mai zaƙin baki da za a miƙa wa lasifika. Kun ga abokan aikinku masu basira da aka tsallake wajen ƙarin girma, don kawai ba sa iya tashi a taro su kare abin da su da kansu suka rubuta. Kun ga masu hidimar ƙasa da aka tura aji su koyar, suka ɓuge da kwafe littafi a allo, suka haifar da wasu irinsu. Ku gaya wa ƙannenku gaskiya in kun zo hutu.

Kai kuma ɗan'uwa mai zaƙin baki, karɓe lasifikar da kake yi ba taimako ba ne, tauye abokinka kake yi. Kai mai ɓuya a bayan layi, makin da aka ba ka bashi ne, kuma za ka biya shi a ranar da ba mai tsaya maka. A zango mai zuwa, in an raba rukuni, ka ce a ba ka yankinka, ka tashi ka yi minti biyunka ko murya na rawa, ko an yi dariya. Harshen nan ba gadon gidan kowa ba ne a cikinmu, kayan aiki ne, kuma kuɗin iyayenmu da harajin talakawa aka zuba don mu riƙe shi da hannunmu. Allah ya ba shugabannin ƙungiyarmu ƙarfin halin kai wannan kuka inda ya dace, ya ba malamanmu kunnen saurare.